Hodar rawaya da ke cikin fitilar LED, da yadda take fama da zafi

Juya wayarka ka dubi ɗan filashin da ke kusa da kyamara alhali yana kashe. Za ka ga launinsa rawaya ne, kamar an ɗiga kwaiduwar ƙwai. Haka ma idan ka ɓalle farin murfin ƙwan LED da ya mutu, ƙananan ɗigo-ɗigon da ke jere a ciki duk rawaya ne ko ruwan goro. Amma da an kunna, farin haske ne ke fitowa. To ina ruwan rawaya da fari?

Babu wani LED da ke fitar da farin haske kai tsaye. Abin da ke ƙarƙashin wancan ɗigon ɗan guntun samikondakta ne, wanda ake kira cif, kuma shuɗin haske zalla yake fitarwa. Rawayan da kake gani hoda ce aka kwaɓa da danƙon silikon aka shafa a kansa. Hodar tana shanye wani kaso na shuɗin hasken, ta mayar da shi rawaya, sauran shuɗin kuma ya ratsa ya wuce yadda yake. Idan shuɗi da rawaya suka haɗu suka shiga ido, sai ƙwaƙwalwa ta ce fari ne. Wannan hoda ita masana ke kira fosfo. Kada sunan ya ruɗe ka, yawancinsu ba su ɗauke da sinadarin fosfaras na takin zamani ko kaɗan. Kalmar daga Girkanci take, ma'anarta mai ɗauke da haske.

Tarihin a taƙaice: Isamu Akasaki da Hiroshi Amano a Jami'ar Nagoya, da Shuji Nakamura a kamfanin Nichia, su suka warware matsalar shuɗin LED da sinadarin galiyam naitirayid, aka ba su kyautar Nobel ta fiziks a 2014. Nakamura ya fito da shuɗin LED mai haske sosai a 1993, kuma a 1996 Nichia ya fara sayar da farin LED. Ba a banza abin ya faru a wannan kamfani ba, domin dama can sana'arsa ke nan, yin fosfo na dogayen fitilu da na talabijin. Hodar da suka ɗauko ma ba sabuwa ba ce. Tun 1967 Blasse da Bril na kamfanin Philips a Holan suka bayyana ta. Sunanta YAG:Ce, wato ginin kiristal na itiriyam da alminiyam da oksijin, Y3Al5O12, wanda aka barbaɗa wa ɗan seriyam. Har yau ita da danginta ne ke cikin mafi yawan fararen fitilun LED na duniya.

Daga ina zafin yake zuwa?

Mutane da yawa sun ɗauka LED ba ya zafi, saboda in ka tara hannu a gabansa ba ka jin komai. Tsohon ƙwan lantarki mai zare yana watsa zafinsa ne tare da haske, shi ya sa kake ji a fata. Shi kuwa LED zafinsa a jikinsa yake tsayawa, a wuri ɗan ƙarami da sau da yawa bai wuce milimita ɗaya a tsawo da faɗi ba. A fitilu masu ƙarfi, zuciyar cif ɗin tana iya haura digiri 100 a ma'aunin Selsiyos, kuma masu ƙera su kan sa iyakar a wajen digiri 150. Hodar fosfo kuwa a kansa take kwance.

Ko da cif ɗin ya yi sanyi ƙalau, ita hodar tana haifar da nata zafin, kuma wannan babu makawa. Haske yana zuwa ne ƙwaya-ƙwaya, kowace ƙwaya da adadin kuzarinta gwargwadon launinta. Ƙwayar shuɗin haske mai tsawon zango nanomita 450 tana ɗauke da kuzari kusan 2.76 a ma'aunin eV. Ta rawaya mai nanomita 560 tana da kusan 2.21. Ka ga an shigar da 2.76, an fitar da 2.21. Ragowar, wato kusan kashi 20 cikin ɗari, zafi ya zama a cikin hodar. Idan ja ake so, mai nanomita 650, asarar tana kai wa kusan kashi 30. Ana danganta wannan giɓi da sunan George Stokes, wanda ya yi bayaninsa tun 1852. Ko da fosfo ya cika ɗari bisa ɗari, kowace ƙwayar shuɗi da ta shiga ta fito a matsayin rawaya, wannan harajin sai an biya shi.

Ƙara da wani lissafi. Rana tsaka, hasken rana da ke sauka ƙasa yana kai wa kusan wat 1,000 a kan kowace murabba'in mita. Idan cif ya fitar da wat ɗaya na shuɗin haske ta fili mai murabba'in milimita ɗaya, wannan daidai yake da wat miliyan ɗaya a murabba'in mita. Hodar tana zaune ne ƙarƙashin rana dubu, awa bayan awa, shekara da shekaru.

Abin da zafi ke yi wa hodar

A nan ne maganar take da daɗi, don haka bari mu ɗan tsaya. Cikin hodar YAG, ba dukkan ginin ne ke yin haske ba. Itiriyam da alminiyam da oksijin gida kawai suka gina. Mai aikin shi ne seriyam, wanda yawansa bai wuce 'yan kashi kaɗan cikin ɗari ba, yana zaune a gurbin itiriyam nan da can. Kowane seriyam yana da elektiron guda a wani mataki na ƙasa da ake kira 4f. Idan shuɗin haske ya buge shi, sai ya haye mataki na sama, 5d. Can zai ɗan zame ƙasa kaɗan yana zubar da kuzari a matsayin girgiza, sannan ya diro gida, kuma wannan dirowar ita ce ke fitar da ƙwayar rawayan haske. Duk tafiyar ba ta wuce nanosakan 60 zuwa 70 ba.

Zafi kuma, a matakin zarra, girgiza ce kawai. Da zafi ya ƙaru, sai zarrar da ke kewaye da seriyam su yi ta karkarwa da ƙarfi. Wannan karkarwa tana buɗe wa elektiron ɗin wasu ƙofofi na komawa ƙasa ba tare da ya fitar da haske ba. Ƙofa ta farko: idan girgizar ta yi yawa, matakin sama da na ƙasa suna haɗuwa a wani wuri, sai elektiron ya gangara ta nan shiru, duk kuzarinsa ya zama zafi. Ƙofa ta biyu, wadda Pieter Dorenbos na Jami'ar Delft ya nuna muhimmancinta: sama da matakin 5d akwai wata babbar hanya da ta ratsa dukkan kiristal ɗin, inda elektiron ke yawo ba mai riƙe shi. Idan matakin 5d yana dab da wannan hanya, ɗan turi kaɗan daga zafi ya isa ya cilla elektiron ɗin can. Da ya hau, ya bar gida ke nan, zai yi ta yawo har ya faɗa wani rami na lahani a ginin, kuzarinsa ya salwanta.

Misali mai kyau shi ne abin da ke faruwa in aka cire alminiyam ɗin YAG gaba ɗaya aka sa galiyam a madadinsa. Ginin bai canja siffa ba, seriyam na nan, amma babbar hanyar ta sauko kusa da 5d, sai hodar ta kusan daina haske ko a zafin ɗaki. Wannan dusashewar haske saboda zafi ita ce babbar matsalar fannin, kuma hanyar auna ta mai sauƙi ce: a auna hasken hoda a digiri 25, a sake aunawa a digiri 150, a ga kashi nawa ya rage.

Shi YAG a karan kansa jarumi ne. A 2009 Bachmann da Ronda da Meijerink sun nuna cewa idan seriyam ɗin kaɗan ne ƙwarai a ciki, hasken ba ya dusashewa sosai sai zafi ya haura digiri 400. Sai dai hodar da ake sawa a fitila tana buƙatar seriyam da ɗan yawa don ta shanye shuɗin haske yadda ya kamata. Da sun yi yawa, sai kuzarin ya riƙa tsalle daga wannan seriyam zuwa wancan, kamar ana miƙa kwarya hannu zuwa hannu, har ya iso wani wuri mai lahani ya zube. Zafi yana ƙara saurin wannan miƙe-miƙen. Shi ya sa hodar kasuwa ke fara rauni tun kafin ta kusanci iyakar da littafi ya faɗa.

Abin da ya sa injiniyoyi ke tsoron lamarin shi ne yana ciyar da kansa. Duk ƙwayar hasken da ta kasa fitowa zafi ta zama, zafin ya ƙara dusashe hodar, dusashewar ta ƙara zafi. Sannan ba ƙarfin haske kaɗai ke raguwa ba, launi ma yana gocewa: rawaya ya ragu, shuɗi ya rinjaya, farin ya koma wani fari mai sanyi da ke gajiyar da ido.

Dole a bambanta wannan da lalacewa ta dindindin. Dusashewar zafi tana warkewa da fitila ta huce. Amma idan zafi ya haɗu da iska da laima na tsawon lokaci, sinadarin kansa yana iya canjawa, ko danƙon silikon ya yi duhu, ya tsage, ko ya ɓanɓare daga kan cif. Daga wajen 2021 mazauna wasu garuruwan Amurka da Kanada sun wayi gari fitilun titinsu sun koma shunayya. Da aka bincika, sai aka ga shimfiɗar fosfon ce ta rabu da cif ɗin, hasken ƙarƙashi ya fito tsirara.

Ja ne ya fi ba da wahala

Shuɗi da rawaya suna ba da fari, amma fari ne mai ƙarancin ja. A ƙarƙashinsa tumatir yana yin fari-fari, nama kamar ya kwana, fatar mutum ta yi toka-toka. Duk wanda ya taɓa zaɓen atamfa a cikin shago ya fito rana ya ga launin ya canja ya san abin da ake nufi. Akwai ma'aunin nuna launi da ke ƙarewa a 100. LED mai YAG kaɗai yana tsayawa ne a wajen 70. In ana son 80 ko 90, sai an ƙara jan fosfo.

An fara gwada karkatar da YAG ɗin kansa zuwa ja ta hanyar sa gadoliniyam a gurbin wani kaso na itiriyam. Launin ya matsa, amma juriyar zafi ta faɗi. An gwada sinadaran salfa, irin su CaS da aka sa wa yuropiyam. Jansu kyakkyawa ne, amma laima tana cinye su, har su saki iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai da ke baƙanta azurfar da ke cikin fitilar. Dangin silikat kuma suna da haske a sanyi, amma suna saurin dusashewa in zafi ya tashi.

Mafitar ta zo ne daga inda ba a zata ba, wajen masu ƙera tangaram na masana'antu. Tun shekarun 1970 aka san wasu sinadarai da aka gina da silikon da alminiyam da oksijin da naitirojin, ana kiransu SiAlON, ana amfani da su wajen yin bakin injin yankan ƙarfe saboda taurinsu da jure wuta. Sirrinsu naitirojin ne. Yana ɗaure maƙwabtansa da ɗauri mai ƙarfi, kuma yana iya haɗa uku ko huɗu a lokaci guda, don haka saƙar ginin ta fi matsewa, kamar bambancin tabarma mai sako-sako da wadda aka saƙa da ƙarfi. Gini mai tauri ba ya karkarwa da yawa, ƙofar zubar kuzari ta farko ta ƙuntata ke nan. Bugu da ƙari, naitirojin yana janyo matakin 5d na yuropiyam ƙasa, wanda ke mayar da hasken ja. Abu biyu da ake nema a tukunya ɗaya.

A Jamus, rukunin Wolfgang Schnick a Munik ya yi aiki a kan dangin Sr2Si5N8 mai yuropiyam. A Japan, Naoto Hirosaki da abokan aikinsa a cibiyar binciken kayayyaki ta NIMS da ke Tsukuba sun fito da koren fosfo na beta-SiAlON a 2005, wanda ya shiga fitilun bayan allon talabijin, sannan tare da kamfanin Mitsubishi Chemical suka samar da CaAlSiN3, wanda ake taƙaitawa CASN, mai ja a wajen nanomita 650. Shi da ɗan'uwansa mai ƙarin sitirontiyam su ne jan da ke cikin galibin fitilun gida masu ɗumin launi a yau. Yin su ba wasa ba ne: ana gasa su a tanderu mai zafin da ya haura digiri 1,500 cikin iskar naitirojin, kuma wasu kayan haɗin ba sa son ko shaƙar iskar ɗaki. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa jan fosfo ya fi rawaya tsada, kuma mai ƙera fitilar araha yakan yi masa rowa.

CASN yana da nasa aibin. Jansa yana da faɗi, yana malala har ya wuce nanomita 700, inda ido kusan ba ya gani. Idon ɗan Adam ya fi jin haske a nanomita 555. A 650 abin da yake ji kusan kashi ɗaya cikin goma ne na wancan. Duk hasken da ya zarce can, wutar da aka kashe a kansa ta tafi a banza. Don haka aka shiga neman ja mai siriri. A 2014 rukunin Schnick tare da masu bincike na Philips suka bayyana Sr[LiAl3N4] mai yuropiyam, faɗin jansa kusan nanomita 50 kacal, kuma a digiri 200 yana riƙe da fiye da kashi 95 cikin ɗari na ingancinsa. Akwai kuma K2SiF6 mai manganis, wanda jansa siriri ne ƙwarai a wajen nanomita 631, ana samunsa da yawa a allon waya da kwamfuta. Matsalarsa laima, da kuma nawa: manganis yana ɗaukar milisakan da dama kafin ya saki haskensa, wato ya fi seriyam jinkiri sau dubbai. In aka yi masa ambaliyar haske, sai ya kasa karɓa, kamar rijiya guda da guga ɗaya ga garke guda.

A 2017 wasu masu bincike a Koriya ta Kudu suka wallafa wani fosfo mai shuɗin haske, na sodiyam da sikandiyam da fosfet mai yuropiyam, wanda haskensa bai ragu ba har digiri 200. Bayaninsu shi ne ramukan lahani da ke cikin ginin suna ajiye elektiron, zafi ya sako su, su cike gurbin abin da aka rasa. Tun daga nan muƙalu masu ikirarin "babu dusashewa ko kaɗan" suka yi yawa. A ganinmu a riƙa karanta su da hattara. Rami ba ya bayar da abin da ba a zuba masa ba, kuma hodar da dama can haskenta rabi ne a sanyi, in ta tsaya a rabin nan cikin zafi, ba ta fi wadda ta sauko daga 95 zuwa 85 ba. Lambar da ya kamata a fara nema ita ce ainihin yawan ƙwayoyin hasken da ke fita cikin kowane ɗari da aka shanye.

Wani lokacin ba hodar ce mai laifi ba

Danƙon silikon da ake kwaɓa hodar da shi bargo ne. Ƙarfinsa na wuce da zafi kusan 0.2 ne a ma'aunin wat bisa mita bisa digiri. Gilashi yana wajen 1. YAG da aka gasa ya dunƙule ya zama tangaram yana wajen 10, alumina kuma wajen 30. Saboda haka a fitilu masu ƙarfi sosai ake watsar da danƙon, a narka hodar cikin gilashi, ko a gasa ta ta zama ɗan faranti siriri, wani lokacin a gauraya ta da alumina don zafin ya samu hanyar gudu zuwa ƙarfen da ke baya. Fitilun gaban mota na zamani da yawa haka suke. Inda abin ya fi tsanani shi ne inda aka maye gurbin LED da shuɗin leza, kamar fitilun da suka fito a motocin BMW i8 da Audi R8 LMX a 2014, da na'urorin haska majigi. A majigi har ɗora fosfon ake yi a kan faifai mai juyawa da gudu, don kada lezar ta daɗe a wuri ɗaya. A wannan fagen YAG ne ke mulki har yanzu, domin jan naitirayid yana da wuyar dunƙulewa ya zama tangaram mai kyau, kuma ya fi saurin ƙoshi da haske.

Wannan magana ta shafe mu kai tsaye ta fuska ɗaya. Zafin da ke kan hodar shi ne zafin iskar waje da aka ɗora wa zafin da fitilar ta haifar. A Sakkwato ko Maiduguri ko Agadas, inda watan Afrilu ke haura digiri 40, fitilar tana fara aiki ne da bashin digiri 15 ko fiye a kan 25 ɗin da aka saba aunawa a ɗakin gwaji. Ƙwan da aka rufe cikin gilashi ƙarƙashin rufin kwano, ko fitilar titi mai sola da ta yini tana gasuwa kuma ƙura ta toshe haƙarƙarin ƙarfen bayanta, ba za su yi kwanan da aka rubuta a kwali ba. Gaskiya ne a ƙwan araha sau da yawa 'yan kayan lantarkin da ke gindinsa, musamman kafasita, su ke riga mutuwa. Amma in ka ga fitila tana ci, sai dai ta dushe ko ta koma shuɗi-shuɗi, to zargi ya koma kan cif da fosfo da danƙon da ya riƙe su.

Ga masu sayen fitilu da yawa, na titi ko asibiti ko makaranta, akwai abin dubawa a takardar bayanan kaya. Wasu masu ƙera LED suna ba da ƙarfin haske da launi kamar yadda aka auna a digiri 25, wasu kuma a digiri 85, wanda ya fi kusa da yanayin aiki na gaskiya. Lambobin biyu ba a kwatanta su kai tsaye. Akwai kuma gwajin da ake kira LM-80, inda ake kunna LED aƙalla awa 6,000 a zafi daban-daban, ana bin raguwar haskensa da gocewar launinsa. Daga sakamakon ne ake hasashen L70, wato awannin da fitila za ta yi kafin haskenta ya sauko zuwa kashi 70 cikin ɗari. Idan dillali ya ce maka awa 50,000, tambaye shi a digiri nawa aka auna.